Lauya Ya Ce Sai Uku

"Kujera biyu sun karya min, Maman Mahmuda. Jiya na duba hannun kushin, shi ma ya fara rawa. Ke kin haifi yaro mai fita a talabijin, ni falona ne yana shan wahala."

Francisca ke nan, matar Iortyer ma'aikacin reluwe. Katanga ɗaya ta raba mu a Sabon Pegi, nan garin Lafiya, kuma a layinmu kaf su kaɗai ke da talabijin a lokacin. Ina tsaye kan rabin ganga ina turara shinkafa, hayaƙi na shiga min ido, ita kuma tana kaina tana faɗa.

Na ce, "Yi haƙuri, Maman Iveren. Ran Lahadi zan zo da bencina da tabarma."

"Benci zai hana tsofaffin nan tofa goro a bayan ƙofa?"

"Zan zo da gwangwani."

Ta yi tsaki, ta juya kamar za ta tafi. Sai ta dawo ta rage murya. "To amma wannan sati za su koma kotu, ko? Bai faɗa miki komai ba?"

Haka take. Ta fi kowa ƙorafi, ta fi kowa matsawa kusa da akwatin.

Mahmuda shi ne autana. Ya tafi Jos aikin akawu, can ya shiga ƙungiyar masu wasan kwaikwayo, har gidan talabijin suka ɗauke su. Wasan sunansa Saman Bene, duk Lahadi bayan Magariba. Shi ne Ciyaman, mai wani ƙaton banki.

Ranar da na fara ganinsa a ciki sai da na dafe ƙirji. Yaron da na yi wa wanka a daro, ga shi cikin babbar riga da furfura a gemu, bayan tebur mai faɗin ɗakina. Tarho jere a gabansa. Ta taga kana hango benaye har sama. Ya ɗaga tarho ɗaya ya ce, "Sayar." Kalma ɗaya. Ya ajiye. Sai aka nuna an rufe wani kamfani a wani gari, ma'aikata sun fito da hannu a ka. Na ce Allah mai iko.

Ni fa na san ciniki. Tun ina yarinya nake cikin shinkafa. Ka ga buhu, ka zura hannu, ka tauna ƙwaya ɗaya ka ji bushewarta, sannan a yi magana. Amma waɗannan mutanen abin da suke saye da sayarwa ba a ganinsa. Wai shiya. Na tambayi Iortyer, ya ce in ɗauka saniya ɗaya ce mutane da yawa suka mallaka, amma ba wanda ya taɓa ganinta.

Na ce, "Nonon fa?"

"Ƙarshen shekara a raba."

"In ta mutu?"

"Shi ne ake zuwa kotu, Mama."

Kotun kuwa ita ta fi ɗaure min kai. Akwai wata lauya 'yar siririya, baƙar riga, da wani farin abu a ka kamar gashin tunkiya. Ita ke bin bayan Ciyaman. In ta miƙe ta ce "Ya Mai Shari'a," ba ihu ba zagi, sai ka ga manyan mutane masu tumbi suna goge gumi. Ta buɗe baki a hankali ta kwance mutum kamar ana warware zare. Ɗana take farauta, amma wallahi in ta fara magana har numfashi nake riƙewa. Ban san Allah ya yi mata irin wannan ba.

Matar Ciyaman a wasan, wadda suke kira Hajiya, Sailuba ce, matar Mahmuda ta gaske. 'Yar ƙawata ce daga Kwandere, tana koyarwa a firamare a Jos, suna da 'ya ɗaya, Lami. Da can wata ce ke yin Hajiya, tun wasan bai yi nisa ba aka yi wa mijinta canjin aiki suka koma Makurdi. Mahmuda ya ce gara matarsa ta zauna kusa da shi da wata can. Da na ji ma daɗi na ji, don ba na son in ga baƙuwa tana gyara masa hula. Sailuba kuwa ba suruka ba ce a wurina. Shekarar da taifot ta kwantar da ni, ita ta bar makaranta ta zo ta yi ta juya ni a gado, 'ya'yan cikina suna aiko gaisuwa.

Ran Lahadin na idar da Magariba na ɗauki benci na shiga. Falo ya cika har baranda. Malam Babandi, mai karantar da mazan layinmu, ba ya shiga, ya ce shi ba ya kallo. Kujerarsa dai kullum tana gindin tagar Francisca, wai iska ta fi kaɗawa a nan.

Aka fara. Abokan Ciyaman sun haɗe masa kai, kotu za ta ƙwace bankin. Shi kuma tun da wuri ya sa shiyarsa duka da sunan Hajiya don kar a taɓa. Lauyar nan ta miƙe ta ce, "Ya Mai Shari'a, matarsa ce. Gida ɗaya, tukunya ɗaya. Abin da ke hannunta, a hannunsa yake." Alƙali ya gyaɗa kai.

Sai aka koma ofis. Lauyan Ciyaman, wani mai tabarau, ya rufe ƙofa ya ce hanya ɗaya ta rage.

"Ka sake ta. In ba matarka ba ce, kayanta nata ne, kotu ba ta da hannu a kai."

Ciyaman ya daɗe yana kallon taga. Ya ce, "Saki ɗaya?"

"Ɗaya, za su ce dabara ce, gobe ka mayar da ita. Sai uku, ranka ya daɗe. A gaban shaidu."

Aka nuna shi ya isa gida. Sailuba ta fito da tire, tana murmushi. Ya ce, "Hajiya, zauna. Ina da magana." Kiɗa ya tashi, rubutu ya hau. Sai wani sati.

Falo ya kaure. Iortyer na buga cinya yana cewa wannan lauya kansa ya cika da sense. Ni ma na fara dariya. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba, na tuna Hajiyar nan matarsa ce ta gaske. Na leƙa taga, Malam Babandi ya riga ya ɗauki kujerarsa ya tafi, bai ce wa kowa sai da safe ba.

Da gari ya waye na same shi a zaurensa. Ban ko gama gaisuwa ba ya ce, "Na san abin da ya kawo ki."

"Allah gafarta Malam, ai ka ce ba ka kallo."

"Kunne ba shi da murfi, Mairo. Matarsa ce ta aure?"

"Kai ka ɗaura."

"Da bakinsa zai faɗa, tana gabansa?"

"Haka suke yi. Shaidu kuwa, jihar Filato kaf."

Ya ja gemu. Ya ce abin da ya sani, aure da saki ba a wasa da su, wanda ya faɗa da wasa ya faɗa. Amma wannan akwatin bai same shi a littafin da ya karanta ba. Wasu malamai za su ce labarin wani yake bayarwa, bai faɗu ba. Wasu za su ce ya faɗu.

"Kai fa me ka ce?"

"Ni ba zan ɗauki wannan a wuyana ba. Da ɗaya ne da sauƙi, ya ce ya mayar da ita, shakka ta kau. Uku ba ta da gyara. In ɗana ne, ba zan bari ya buɗe baki ba."

Iortyer ya gwada min tarhon ofishinsu na tasha, layin Jos ya mutu. Ga shinkafa na jiƙa, in ba a turara ba za ta yi tsami. Na kai wa Francisca ludayi da itace na ce ta rufa min asiri. Da na gaya mata dalili sai ta zaro ido.

"Don wasa? Mu a coci sai fada ya sa hannu, shi ma ba ya sawa."

"Mu a bakin miji yake."

Ta karɓi ludayin. "Je ki. Amma ki tambayo min ko Ciyaman zai ci kotu."

Ran Talata da sassafe na shiga fijo a tasha. Daga Akwanga muka fara hawan duwatsu, kunnena ya toshe, sanyi ya shiga ƙashina. Carbi na hannuna har muka isa. Abu ɗaya nake roƙo, Allah ya sa ba su riga sun yi ba, don Iortyer ya ce ba ran Lahadin suke yi ba, ɗauka ake yi a ajiye tun cikin sati.

A gidansu na tarar da Lami wurin maƙwabciya. Matar ta ce ai yau suna can gidan talabijin, yau ake ɗauka. Ko ruwa ban sha ba na nemi tasi.

Mai gadin gidan talabijin ya tare ni. Ya ce ba a shiga sai da izini, ina na fito, wa nake nema. Na ce ni ce uwar Ciyaman. Ya dube ni daga sama har silifas ɗina. Sai ya ƙame ya sara min, ya raka ni da kansa har bakin wata ƙofa mai nauyi, ya ce in shiga a hankali, kar in yi motsi.

Wani ƙaton ɗaki ne kamar sito, duhu ta ko'ina, wayoyi a ƙasa kamar igiyar shanya. Can tsakiya haske kamar rana ta sauko. Na tsaya idona ya saba. Sai na ga bankin.

Katako ne. Bango uku, ba rufi, an tokare shi ta baya da sanda da buhun yashi. Tagar da ake hango benaye zane ne aka yi wa fenti. Na matsa na taɓa tarho ɗaya, ba waya a jikinsa. Na zagaya bayan bangon, sai ga kotu, kujerar alƙali da komai. Ashe allo ɗaya ne, nan banki, can kotu. Wani zai ce raina ya ɓaci, an yaudare ni. Ko kaɗan. Tsigar jikina ce ta tashi. Mutum ya ɗauki katako da fenti ya sa garin Lafiya ya bar tuwo yana hucewa duk Lahadi, ya sa malami ya ɗauko kujera ya zauna gindin taga. Wanda ya ba ɗan Adam wannan basira, shi fa ya girmansa yake?

A kan wani akwati na ga mace tana ɓare gyaɗa, baƙar riga a jikinta, farin gashin nan a cinyarta. Lauyar ce. Saura kaɗan in durƙusa. Ita ta riga ni. Ta zube ƙasa ta ce, "Sannu Mama, kin zo lafiya?" a hankali, don kar a ji. Ta ce sunanta Doofan, tafireta take bugawa a ma'aikatar ruwa. Na riƙe hannunta na kasa saki. Na ce ina Ciyaman? Ta nuna min da baki.

Can gefe sun kafa falon gidan Ciyaman. Sailuba na zaune a kushin, zinare a wuya, tire a gabanta. Maza uku a tsaye, su ne shaidu. Wasu manyan injuna masu ido ɗaya sun auna su, kowanne da mutum a bayansa. Mahmuda na tsaye yana wasa da wani, yana sosa ƙeya kamar yadda yake yi tun yana ƙarami. Wani ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Jar fitila ta kama.

A gaban idona yaron ya ɓace. Kafaɗarsa ta buɗe, wuyansa ya miƙe, fuskarsa ta yi nauyi. Ya tako a hankali kamar ƙasar tasa ce. Ni da na haife shi na ji tsoronsa. Muryar da ta fito ba wadda na sani ba ce.

"Hajiya, kin san shekarun da muka yi tare. Ban taɓa ɓoye miki komai ba. Yau ga shaidu na kira..."

Ban san yadda ake tsayar da irin wannan abu ba. Na dai san ba a faɗa wa mutane gida haka kawai. Na tako cikin hasken na ɗaga murya.

"Salamu alaikum!"

Shaidun nan uku suka amsa a tare, har da ɗaya daga masu injin. Wani ya yi ihu daga sama da Turanci. Jar fitila ta mutu.

Mahmuda ya juyo. Ciyaman ya zube daga jikinsa kamar an cire riga. Ya tuɓe hula ya tsuguna.

"Inna! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Ka faɗa?"

"Me?"

"Abin da lauya ya ce ka faɗa. Ko a gwaji, ka faɗa mata?"

"A gwaji tsallakewa muke yi, sai an kunna..." Sai ya gane. Ya yi dariya yana kallon mutane. "Haba Inna. Tun daga Lafiya? Wasa ne fa. Ba ni ba ne, Ciyaman ne."

"Bakin wa zai yi amfani da shi?"

Sailuba ta taso ta durƙusa gefena. Ita ba ta yi dariya ba. Fitilun nan zafi gare su kamar bakin murhu, amma hannunta sanyi ƙalau. Ta ce, "Inna, ni na ce a riƙa tsallakewa. Tun da aka ba mu wannan wurin abinci ba ya shiga min. Na gaya masa, ya ce tsoro ne irin na mata."

"Na tambayi malami a nan," in ji Mahmuda. "Ya ce ba komai."

Na ce, "Malam Babandi ya ce ba zai ɗauka a wuyansa ba. Ɗaya ya ce ba komai, ɗaya ya ce bai sani ba. Da wanne za ka koma gida ka ci tuwonta? In Lami ta samu ƙane, da wanne za ka raɗa masa suna?"

Ya sunkuyar da kai. Hodar da suka shafa masa a gemu ta fara bin gumi. Ya rage murya ya ce, "Inna, in na ƙi, akwai masu jiran rigar nan a bakin ƙofa. Na daɗe ina ɗaukar kujeru a gidan nan kafin a ba ni ita."

Sai ga wani dogo ya sauko daga matakala, wani abu rataye a wuyansa kamar na likita. Doofan ta raɗa min cewa Oga Terhemba ne, shi ke rubuta wasan, shi ke juya kowa. Wato duk abin da lauyar nan ke faɗa, da na Ciyaman, da na alƙali, daga kan mutum ɗaya yake fitowa. Na dube shi da kyau. Kai ne kamar na kowa, har da ɗan sanƙo.

Ya gaishe ni da ladabi. Mahmuda ya yi masa bayani da Turanci. Ya saurara, ya dafe goshi, ya ce, "Mama, na play fa, wasa ne kawai. Ko ni na san Musulmi, na girma a Lafiya, babana yana noma a Azuba. Amma wannan ba Mahmuda ne yana magana ba."

"Ɗana, a coci in mutum ya sa wa mace zobe gaban fada, ya ce wasa yake, za a yarda?"

Ya shafa sanƙonsa. Ya ce to Ciyaman ya rubuta a takarda ya miƙa mata, ba sai ya faɗa ba. Shaidun nan uku suka girgiza kai tun kafin in yi magana. Ɗaya ya ce, "Oga, takarda ma ta fi ƙarfi."

"To a canza Hajiya?" Shi da kansa ya amsa wa kansa. "Ba zai yiwu ba, kowa ya san fuskarta." Ya fara zagaye yana taka wayoyi. "Mama, ki gane. Jiha duka tana jira ta ji wannan magana daga bakinsa. Masu talla sun biya don wannan Lahadi. Abin da zai biyo baya duk na rubuta shi a kan sakin nan. In bai sake ta ba, kotu ta ci shi. In kotu ta ci shi, ba banki. In ba banki, me zan nuna? Dubi mutanen nan, duk a nan suke ci."

Na duba. Masu injin sun leƙo daga bayan injunansu. Lauya mai tabarau ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Alƙali ya fito daga bayan katako da kofin shayi. Doofan ta bar gyaɗarta. Ba wanda ya yi min kallon banza, kowa jira yake. Ban raina aikinsu ba, Allah ya sani. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi ba.

Mahmuda na tsugune har yanzu, hula a hannu, bai dubi matarsa ba, bai dubi ogansa ba. Sailuba ta riƙe bakin zanena.

Na gyara mayafina na matsa kusa da Terhemba.

"Ɗana, ni ban yi boko ba. Amma na ga abin da Allah ya ba ka. Kai ka sa yarinyar can ta tsaya gaban manya ta kwance su. Kai ka sa na ji tsoron ɗan cikina yanzun nan. Wanda ya iya wannan ba zai rasa abin nunawa ba. Ran Lahadi ka bar lauyar nan ta ci shari'arta, ta wahala a kai. Don Allah ku ƙwace bankin. Ku bar masa matarsa."